Allurar Mura da Almakashin Kaka

Zuwa ga kakata Yaya,

Assalamu alaikum. Kafin komai ina neman gafara da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali ba ki aike ni ba, kuma rabonki da ni tun ina goye. Na san wannan ba hurumin yarinya ba ne. Na rubuta na yaga, na sake rubutawa na yaga, sai da Umma ta ce in na ƙara ɓata mata takarda za ta rubuto da kanta ta ce ni na hana.

Ni jikar ƙanenki ce, tela, 'yar babban ɗansa. A gida Shiru-shiru ake ce mini. Ina makarantar sakandare, saura shekara guda in gama. Ki yi haƙuri da na kira ki Yaya, haka muka taso muka ji Kaka yana faɗa, shi ya sa har mu jikoki ba mu san wani suna ba. Ina fatan kina lafiya, da gwiwar da aka ce tana damunki. Mu nan kowa lafiya lau, Umma da Baba da ƙannena suna gaishe ki. An ce mini kunnenki ya yi nauyi, waya ba ta yi miki amfani, shi ya sa na ba direban da ke kawo wa shagonmu yadi wannan takarda, don ya ce yana bi ta layinku.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar Kaka. Bara da sanyi ya shigo, mura ta kama shi. Ba irin wadda ake yi ana yawo da hankici ba, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ce. Ta sauka masa a ƙirji, sai da aka kwantar da shi a asibiti aka sa masa abin numfashi. Ni nake kai masa ruwan zafi bayan an tashi makaranta, kuma ban taɓa ganin abin da ya tsorata ni haka ba. Da za a sallame shi, nas ta ce mutum mai shekarunsa, mai irin ƙirjinsa, ya kamata a riƙa yi masa allurar rigakafin wannan mura kowace shekara kafin sanyi ya kankama. Ta ce ba ta hana kowane irin atishawa, amma tana rage wa mutum haɗarin kamuwa, in ma ya kamu ba ta cika kai shi ƙasa ba.

Yanzu sanyi ya kusa, an fara allurar a ƙaramin asibitin unguwarmu, amma Kaka ya ƙi zuwa. Duk wanda ya yi masa magana sai ya naɗe hannun riga ya nuna tsohuwar lambar da ke damtsensa, ya ce shi an gama da shi tun yana yaro. Na ce masa malamin kimiyya ya koya mana cewa ƙwayar mura tana canza kama duk shekara, shi ya sa ake sabunta allurar. Ya ce to ta canza, shi bai canza ba. Tun ranar yake kira na Likita.

Baba ba ya iya ja da shi. Umma ta ce duk duniya mutum ɗaya Kaka yake jin maganarsa, ke ce. Shi ya sa nake roƙonki, in babu damuwa, ki sa baki.

Jikarki,
Shiru-shiru

*

Ke 'yar nan,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na sa tabarau na karanta. Rubutunki yana da kyau, amma gaisuwarki ta fi maganarki tsawo. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, kullum muna faɗa.

Yanzu ki faɗa mini gaskiya. Auta, kakan nan naki, yana kwance ne? Ni fa ba jiya aka haife ni ba. Na san halin gidan nan tun kafin a gina shi. In abu ya ɓaci, manya sai su noƙe su tura yaro gaba. Ranar da matarsa ta rasu, takardar da aka aiko mini cewa ta yi tana gaishe ni, wai in zo in na sami hali. Bara ya kwanta har da abin numfashi, ba wanda ya sanar da ni, sai yau nake ji daga bakin jaririya. To me zai sa in yarda cewa wai don allura kawai aka tashi direba da takarda?

Ina babanki? Hannunsa ya karye ne da ba zai rubuto ba? Shi Autan da kansa fa? Da kowane wata sai ya aiko mini da layi biyu, ko da na tsokana ne.

Na sa 'yata ta sauko mini da jaka daga kan kabad, na zuba kaya. Tana ta surutu wai ba zan iya zaman mota ba, ga sanyi, ga cunkoso, kowa yana tari a fuskar kowa. Na ce mata ƙanena guda ɗaya ya rage mini. In direban nan ya dawo ba da amsar da ta gamsar da ni ba, a bayan motarsa zan zauna, a kan yadin.

Kada ki yi mini kwana-kwana irin ta 'yan makaranta. Yana tsaye ko yana kwance?

Yaya

*

Zuwa ga kakata Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Kowa a nan lafiya. Don Allah ki mayar da jakar nan kan kabad. Yana tsaye. Da na rubuto miki, ban yi tunanin za ki ɗauka haka ba. Ba wanda ya tura ni, sai Umma da ta ba ni shawara. Baba bai ma san na rubuto ba sai jiya.

Don ki yarda, bari in gaya miki yadda na bar shi ɗazu. Yana bayan teburin yanka, tef a wuya, alli a bayan kunne, fil cike da baki, yana yi wa mai guga faɗa ta gefen baki wai ya ƙona masa shafin kwat. Teburin yana kusa da ƙofa don haske. Keken Baba yana ciki ta wajen bango, kusa da kantar zare. Sanyi ya sa kowa ya tuna da kwat, yadi ya taru har kan kujerar baƙi. Wanduna Baba ne yake yankawa tun bara da Kaka ya kwanta, amma riga da kwat ba mai taɓa su sai Kaka, da babban almakashinsa mai baƙin mariƙi. Abin da ya hana shi rubuto miki ke nan, aiki.

Abin da yake damuna shi ne yadda yake awo. Ba ya tsayawa nesa. Sai ya rungumi mutum da tef, fuskarsa dab da ƙirjin mutumin, ya ce ja numfashi, saki. Shekaranjiya wani ya yi masa tari a ka, ko gezau bai yi ba. Ga shi mura ta fara zagaya layin, mai gyaran takalmin da ke jikin shagonmu bai buɗe ba tun farkon mako.

Na ga ba daidai ba ne in ci gaba da ɓoye masa, sai na karanta masa takardarki. Ya yi dariya har fil ya zube. Ya ce, "Wato ke Likita, duk shirun nan naki, ƙarata kika kai kotun ƙoli?" Na ce ba ƙara ba ce. Ya ce, "Ki gaya wa tsohuwar nan ta zauna inda take. In ta hau motar yadi, wa zai sauko da ita?"

Sai na yi ta maza na ce, "To Kaka, ka je a yi maka, sai hankalinta ya kwanta." Ya daina dariya. Ya ce, "Me nas ɗin ta ce game da hannu?" Na ce ta ce yakan yi nauyi ko tsami kwana ɗaya ko biyu, wani ma yakan ji ɗan zazzaɓi, shi ke nan. Na ce ai sai a yi masa a hagu. Ya ce, "Hagun ce take danne yadi, dama take yanka. Kin taɓa ganin tela da hannu ɗaya? Dubi kayan mutane. In hannu ya yi nauyi, wa zai yanka?"

Saboda haka a ganina ba tsoron allura yake yi ba, lokaci ne ba shi da shi. Ban san yadda za a yi ba, don aikin ba zai ragu ba sai sanyi ya wuce, kuma a lokacin allurar ba ta da sauran amfani a bana.

Jikarki,
Shiru-shiru

*

Shiru-shiru,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na yarda. Wanda yake yi wa mai guga faɗa da fil a baki bai shirya mutuwa ba. An mayar da jaka. 'Yata ta ce in gode miki, kin raba ta da rigima.

Lambar da yake tutiya da ita ta agana ce, ba ruwanta da mura. Rana ɗaya aka yi mana. Ni na kamo shi a bayan randa na danne shi, yana ihu kamar za a yanka shi. Ki tuna masa in ya sake naɗe hannun riga.

In dai lokaci ne, ai magana ta ƙare. Shi babanki hoto ne a shagon? Mutumin da ya girma a ƙarƙashin teburin nan, har ya fara furfura, a ce ba zai iya yanka kwat ba? Ki kai masa wannan takarda ki nuna masa wurin nan, ya karanta da idonsa.

Dogo, ni ce goggonka. Ka karɓi yankan gaba ɗaya, riga da kwat da komai, ka bar ubanka ya je a yi masa allura ya huta. Kada ka tsaya shawara da shi, don in ka tambaye shi cewa zai yi a'a. Ya zo kawai ya tarar ana yi. Kunyar banza ce take sa ku zuba wa tsoho ido yana kashe kansa da aiki.

Ke kuma ki raka shi asibitin, ki tsaya har ki ga allurar ta shiga. Na san shi, zai iya zagaya ginin ya dawo yana dafe da hannu.

Yaya

*

Zuwa ga kakata Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu nan jiki lafiya, amma gida ba daɗi.

Na kai wa Baba takardarki. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Goggo ta san abin da take faɗa kuwa?" Umma ta ce maganar Yaya ai ba a ƙetare ta. Washegari ranar hutun makaranta ce, na bi shi shago don in share. Ya shimfiɗa yadin kwat ɗin wani malami, ya ja alli, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko babban almakashin.

Ya kai rabin baya ke nan Kaka ya iso. Ya tsaya a bakin ƙofa. Baba ya ce, "Baba, Goggo ce ta ce in riƙe maka, ka je asibiti." Kaka ya dubi yadin, ya dubi almakashin. Ni na zaci zai yi faɗa, har na matsa bayan kanta. Sai kawai ya cire tef daga wuyansa ya rataye a ƙusa, ya cire allin bayan kunne ya ajiye a kan tebur. Ya ce wa mai guga, "A gaida maigidan shago." Ya juya ya tafi.

Tun ranar bai koma ba. Asibitin ma bai je ba. Yana zaune a ɗakinsa, rediyo a kashe. Abinci sai ya taɓa ya ture. Da na ce masa, "Kaka, yanzu ai akwai lokaci, mu je," sai ya ce, "Lokaci kam kun ba ni, har ya yi mini yawa. Me zan yi da ƙirji mai lafiya a kan tabarma?" Ya daina ce mini Likita. Da ina jin haushin sunan, yanzu nema nake ya faɗa.

Baba ma ba ya magana. Yana yanka, yana ɗinki, ya dawo gida ya wuce ƙofar Kaka da sallama a ciki-ciki. Masu kawo ɗinki suna tambaya ina tsoho, wasu kuma har sun daina tambaya, suna miƙa wa Baba yadi kai tsaye. Mai guga ya kwanta da murar. Mai gyaran takalmi an kai shi babban asibiti, kuma bai kai Kaka shekaru ba. Ƙaramin ƙanena ya fara atishawa, Umma ta hana shi shiga ɗakin Kaka.

Yaya, garin neman gira na kusa rasa ido. Na bi abin da kika ce ban rage komai ba, amma ban gane inda na kuskure ba. Don Allah ki duba mana.

Jikarki,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga kakata Yaya,

Assalamu alaikum. Na ga shiru, ban ji daga gare ki ba. Na sake tuna abin da na rubuta, na ga kamar na ɗora miki laifi. Wallahi ba nufina ke nan ba. Laifin nawa ne da na shiga maganar manya. In ranki ya ɓaci ki yafe mini. In kuma jiki ne, ki sa a sanar da mu, kada a yi mana irin wadda kika ce gidanmu yana yi.

Kaka yana nan yadda yake. Jiya nas ta gan ni a hanya ta ce in gaya masa allurar takan ɗauki kamar mako biyu kafin ta fara aiki a jiki, kada ya jira sai mura ta shigo gida. Ban gaya masa ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Direban yadi bai zo ba, wani abokin aikinsa na ba wannan.

Jikarki,
Shiru-shiru

*

Jikata,

Lafiyata ƙalau, kuma ban yi fushi ba. Motar direbanku ce ta lalace a hanya, takardunki biyu tare suka iso. Ki daina ba da haƙuri a kan abin da ba ki yi ba, mugun sabo ne ga mace. Ke kin kawo magana daidai, ni ce na yanke hukunci da gaggawa. Kin ma rubuta mini cewa wanduna sun koma hannun babanki tun bara, na karanta na wuce kamar ba komai ba.

Ki saurara. A shagon nan ba a taɓa zama an ce yau wane ya gaji wane ba. Ciwo ne yake raba gado. Babanmu shi ke yanka, Auta yana kan keke. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da Babanmu, kayan mutane suka taru, Auta ya ɗauki almakashi don ya taimaka. Ba da mugun nufi ba. Da Babanmu ya warke ya dawo, ya tarar mutane suna miƙa wa yaro yadi. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce masa komai. Ya zauna a kujerar baƙi yana sa maɓalli har ya bar duniya. Auta ya ga wannan da idonsa, ya san yadda ake yi. Bara ya kwanta ya tashi ba wanduna. Da ya ce miki wa zai yanka, ba tambaya yake yi ba, ya san wanda zai yanka. Ni kuma na zo na miƙa da hannuna.

Ga abin da za a yi. Ki ce wa babanki na janye maganata. Ya ɗauki almakashin ya kai wa ubansa har ɗaki, da yadin da ya fi kowanne tsada a shagon, ya ce mai shi yana jira. Kada ya ba da haƙuri, kada ya yi dogon bayani. In aka ba Auta haƙuri sai ya ga an tabbatar masa cewa abin ya faru.

Sannan ki karanta masa wannan, da ƙarfi, kada ki tauna.

Auta, ni ce. Abin da ya raba Babanmu da tebur ba allura ba ce, kwanciya ce. Kai ma abin da ya ci maka wanduna kwanciya ce. Kana gudun hannu ya yi tsami kwana biyu, kana tsaye a hanyar abin da zai danne ka wata guda. In ka sake kwanciya irin ta bara, ko maɓalli ba za ka tarar ba. In aikin kake tsoro, ka yanke duk abin da ke shagon tukuna, kada ka bar ko ƙyalle, ka sa almakashinka a aljihu ka je a yi maka. Wanda bai sami abin yanka ba ai ba zai gaje ka ba. Kuma ka ci abinci, an ce mini kana ture kwano kamar yaron da aka yaye.

Shi ke nan. Ki rubuto mini yadda aka yi, kada ki rage.

Yaya

*

Zuwa ga kakata Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki da yaranta. Mu nan lafiya lau. Ƙanena ya warware, ashe ƙaramar mura ce. Mai guga ya dawo, ya rame. Mai gyaran takalmi har yanzu yana asibiti, amma an ce ya fara zama.

Kin ce kada in rage, to ga shi.

Baba ya yi yadda kika ce. Ya shiga da almakashi da wani yadi ruwan toka mai nauyi, ya durƙusa ya ajiye, ya ce mai shi yana jira. Kaka ya murza yadin da yatsa, ya ce, "Wa ya naɗe wannan haka? Duk ya karye." Baba ya fita. Ni kuma na karanta masa saƙonki. Da na zo wurin yaron da aka yaye ya ce, "Tsohuwar nan ba ta da ta ido." Can ya ce in miƙo masa kwanon.

Washegari ya riga kowa zuwa shago. Ya yi ta yanka kamar ana binsa, kwat da riga, har da wandunan da ke gefen Baba, kuma Baba ya bar masa su. Kowane ɗinki ya ɗaure shi daban da ƙyalle, ya jera a kanta. Da ya ga tebur ya koma fayau, ya share shi da tafin hannu, ya naɗe almakashin a hankici ya sa a aljihu. Ya ce, "Likita, wuce gaba."

A asibitin akwai tsofaffi a kan benci, wasu abokan cinikinsa ne. Ya bi su da kallo yana gaya mini wanda kafaɗar rigarsa ta zauna da wanda ya kai ɗinki wani wuri. Nas ta tambaye shi ko yana jin zazzaɓi yau, ko wata allura ta taɓa yi masa illa. Ya ce babu. Ta ga lambar damtsensa ta ce, "Baba, ai kai tsohon hannu ne." Ya kawar da kai yana kallon bango, ya damƙe aljihunsa. Ya ce mata, "To ki yi mana." Ta ce, "Ai na gama." Na tsaya na gani da idona, ta shiga. Aka ce mu ɗan zauna kafin mu tafi.

Da gari ya waye hannun hagun ya yi tsami, ba ya ɗaguwa sosai. Umma ta ce ya zauna a gida, ya ƙi. Ya je shago ya zauna a bayan teburinsa, ba a kujerar baƙi ba, yana kallon Baba yana ɗinki. Ba abin yanka, kamar yadda kika tsara.

Sai ga wani mutum da yadi a hammata, wai tafiya ta kama shi, yana son kwat da gaggawa. Ya miƙa wa Baba. Baba bai karɓa ba. Ya ce, "Mai yanka hannunsa ba daɗi yau, ka dawo jibi." Mutumin ya ce ba zai iya jira ba, ya juya zai fita. Kaka ya daka tsawa, "Kai Dogo, a shagon wa ka koyi korar mai ɗinki? Malam, dawo."

Ya sa Baba ya yi awo yana faɗa masa. Ya sa aka shimfiɗa yadin, ya ce ni in danne masa gefe, ya ja alli da hannun dama, baya da gaba da hannuwa da wuya. Da ya gama ya gwada danne yadin da hagu, ya yamutsa fuska. Ya daɗe yana kallon layukan. Sannan ya ciro almakashin daga aljihu, ya warware hankicin, ya miƙa wa Baba. Ya ce, "Bi layina. In ka kauce sai na gani."

Baba ya yanka, Kaka yana tsaye a kansa. Ba wanda ya yi tari a shagon, har mai guga ya ajiye dutsen guga. Da aka gama Kaka ya ɗaga guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ka ci mini alli a hammata." Ya karɓi almakashinsa ya mayar aljihu. Baba ya koma kan keke, na ga yana murmushi shi kaɗai.

Yanzu hannun ya saki, ya koma yankansa. Amma jiya da aiki ya yi yawa na ga ya ja alli a kan riga biyu ya tura wa Baba. Ban san ko hakan yana nufin an daidaita ba ne, ko kuwa wani abu ya fara. Ke za ki fi ni sani.

Saura magana ɗaya, kuma ina jin nauyinta. Da za mu bar asibiti nas ta tambaya ko akwai sauran tsofaffi a gida da ba a yi wa ba. Kaka ya ce, "Akwai wata, ta girme ni nesa ba kusa ba, tana zaune tana rabon umarni ta hannun direba. Ita ba a isa a tambaye ta ba." Ya ce in rubuta miki haka, kada in tauna. Ni dai saƙo na isar. Amma na sake duba takardunki, ban ga inda kika ce an yi miki taki ba. Nas ta ce a tambaya a asibitin da ya fi kusa da ku, ko 'yarki ta je ta fara ji.

Aikin da ya sa na fara rubuto miki ya ƙare, kuma na san na cika ki da surutu, ni da ake ce wa Shiru-shiru. Duk da haka ina neman izini. In kin yarda, in direba zai sake bi ta wajenku, zan so in ba shi wata takardar, in ji yadda hannunki ya kwana.

Jikarki,
Shiru-shiru